Addar Rumfar Mazarƙwaila

Duk rumfar matsar rake da ke tsaunukan Nocaima tana da adda guda wadda ba a aikin komai da ita. Ba a yankan rake da ita, ba a sassabe, ko lemo ba a ɓarewa. Tana rataye a jikin dirkar da ta fi kusa da bakin inji, inda mutum zai miƙa hannu ya zaro ta ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Tun zamanin da alfadarai ke juya injin ake haka, domin gangunan ƙarfe uku da ke matse raken in suka kama yatsa ba su san saki ba, sai sun kai kafaɗa, kuma ba a kafaɗar suke tsayawa ba. Wanda ya fi kusa shi ke sare hannun, a bar wa inji abin da ya kama, a janye mutumin.

Doña Briceida Tovar ta shekara talatin da wani abu tana aiki a gefen irin wannan adda. Mijinta Custodio ne ke cusa rake ta gaba, ita tana bayan injin tana kwashe ɓawon da ya fito a matse, ta kai shanya don hura wuta. Duk safiyar matsa Custodio kan sauko da addar ya wasa ta yana fito, ya gwada kaifin a gashin damtsensa, wato a jikin hannun da aka wasa ta dominsa, sannan ya mayar. Kowa a rumfar ya san in ranar ta zo Briceida ce ta fi kusa. Su biyun ba su taɓa yin maganar ba.

A cikin gari akwai Don Leovigildo, tsohon da ke sayar da tikitin caca a bakin kasuwa, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke da allura. Wansa ne ya sare masa. An ce daga ranar ba su ƙara zama sun ci abinci tare ba, kuma ba gaba ce ta raba su ba, wan ne ya kasa ɗaga ido ya dube shi. In an taso daga coci ranar Lahadi, Briceida kan tsallaka titi ta bi ɗaya gefen, wai ta fi son inuwa.

Bana abubuwa biyu suka haɗe mata. Bel ɗin da ke ɗauko juyi daga injin gas zuwa ganguna ya tsinke har sau uku, an yi ta ɗinki da waya har babu sauran wurin ɗinki. Na biyun kuwa ita kaɗai ta sani. Wata safiya ta tarar da Custodio a tsakar gida ya rungume randa, kofi ya zube masa a ƙafa, idonsa a buɗe amma ba ita yake gani ba. Da ya dawo hayyacinsa ya ce jiri ne kawai, ya kwana biyu yana zuwa yana wucewa.

"Kada ki gaya wa Eudoro," in ji shi. "Kin san bakinsa. Gobe gari duk ya ɗauka cewa na gama yawo."

Eudoro ƙanensa ne, rabin gonar nasa. Shi ke tsaye kan manyan kaskunan dafa ruwan rake, kuma a faɗin yankin ba wanda ya kai shi sanin lokacin da za a sauke. Ba wanda ya kai shi surutu kuma.

Ranar Lahadi, bayan sun share farfesun kaza da rogo da ayaba, Eudoro ya ture kwano ya ce, "To, matar Yaya, buɗe mana bankin naki. Mu ji ko mu attajirai ne ba mu sani ba."

Briceida ba ta lissafi da biro. Wake take zubawa a kan tebur, ƙwaya ɗaya miliyan guda na peso, kuma tun da ta shigo gidan ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ta ce hanya uku ce a gabansu, za ta auna abin da kowacce za ta ci a shekara.

Ta fara da sabon inji, irin mai murfi a baki da sandar da in ka taɓa zai tsaya cak ya juya baya. Sai an ci bashin banki, an jinginar da gonar. Ta tara ƙwaya tara, ta ce haka za a yi ta biya har shekara biyar.

"Tara!" in ji Eudoro. "Shi ma zai riƙa yanko raken da kansa ne?"

Ta koma kan Don Plinio Rueda, mai babbar masana'anta a bakin kogi, wanda ke matsa wa mutane ya dafa ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu. Ta zuba rabonsa, ta ƙara kuɗin dako, sannan ta kwashe abin da za su huta da shi: man gas, ladan ma'aikata, da abincin da take dafa musu sau uku a rana. Takwas suka rage.

"Ba ki sa layi ba," in ji Eudoro. "Ka yanke rakenka ka je ka zauna yana tsami, Plinio yana matsa wa surukansa. Ni kuma in yi me? In zauna ina kallon wani yaro yana ƙona mini mazarƙwaila?"

Na uku tsohon injinsu. Sabon bel, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, da 'yan gyare-gyaren da ba a rasawa. Ƙwaya uku.

"Ga shi nan!" Eudoro ya buga tebur har wake ya yi tsalle. "Balle bara muka zuba kuɗi aka sake feƙe haƙoran gangunan. Mu watsar da wannan?"

"Na bara ya tafi, kada ka sa mini shi," in ji ta. "Ko mun riƙe injin ko mun jefa shi kogi, kuɗin nan ba zai dawo ba. Abin da ke gaba ake aunawa."

"To ai ko ta naki ko ta nawa, gida ɗaya muka sauka."

Custodio, da tun ɗazu yake murza hularsa a gwiwa, ya ce a hankali, "Ni da za a bi tawa, da mun kai wa Plinio. Mu ma mu ɗan huta."

"Haba Yaya! Rumfar da Baba ya kafa? Mu koma 'yan layi a ƙofar mutumin da ya yi mana dakon ɓawo yana yaro? Da wane ido za mu dubi mutane? Ko tsufa ne ya zo ba sallama?"

Custodio ya ɗago kai. Matarsa ya duba, ita ma ta gane kallon sarai. Ba zai iya faɗa da bakinsa ba, yana so ita ta faɗa, ko da ya hana ta. Kalma ɗaya ta isa. Ta dubi tarin waken: tara, takwas, uku. Bambancin biyar ɗin nan shi ne kuɗin makarantar 'yarsu Nelcy da ke koyon aikin jinya a Bogotá, saura mata shekara guda. Kada wanda bai taɓa raba kwano ɗaya gida huɗu ba ya yi saurin kiran matar nan marowaciya. Amma gaskiya ita ce ta san akwai abin da bai hau teburin ba, kuma ta bar shi a ƙasa.

"Bel za mu saya," in ji ta. "Bana kaɗai. Baɗi mu sake zama."

Ta share waken cikin tafin hannu ta mayar gwangwani.

Isaías makanike ne ya kawo bel ɗin daga Villeta, a naɗe a bayan babur, baƙi wul, faɗinsa ya kai tafin hannu, yana warin sabuwar taya. Rabin kuɗin aka ba shi, rabi sai an sayar da mazarƙwaila. Yana ɗaurawa yana zuba, har idonsa ya kai kan dirka.

"Har yanzu kuna rataye wannan abar, Doña? Kai, mutanen dutse sai ku! Wannan ai ta zamanin alfadarai ce, da dabba ta firgita ba ta jin tsaya."

"In an kashe injin ba shi ke nan ba?" ta tambaya, kamar ba ta sani ba.

"Kafin mutum ya zagaya ya kai ga makashin, kafin babbar tayar ƙarfen injin ta gama juyinta, ai an gama komai. Ga abin sara nan." Ya doki bel ɗin da tafin hannu. Ta gefen dirkar yake wucewa, dab da inda take tsayawa. "Yana tsinkewa ganguna za su tsaya nan take, rake ya cika musu baki. Ku bar hannun bawan Allah." Sai ya tuntsire da dariya. "Amma fa ki tuna nawa kika saye shi kafin ki sara, don ni ba na karɓar dawowa!"

Eudoro ya taya shi dariya. Briceida ta yi murmushin yaƙe ta shiga ɗauko musu kofi, maganar tana bin ta har madafa.

Ta nemi wanda zai karɓi Custodio a bakin inji, a ɓoye. Samarin ƙauyen duk sun koma acaɓa ko sun gangara birni. Guda da ta samu ya faɗi kuɗin da in ta biya, gara ma a ce Don Plinio ta kai wa. Ta ce wa mijin su yi musanya, ita ta cusa shi ya kwashe, ya dube ta kamar ta zage shi. Cusa rake aikin ƙarfi ne da ido, in ka yi yawa inji ya shaƙe, in ka yi kaɗan wuta ta jira, kuma duk rumfar za ta tambayi dalili.

Haka aka fara matsa. Daga inda take tsaye ba ta ganin komai nasa sai saman hularsa da hannayensa biyu, suna zuwa suna komawa a bakin ganguna. Shekara da shekaru tana ganin hannayen nan ba ta taɓa kallonsu ba. Yanzu ta san tabon da ke babban yatsansa, ta san yadda ƙaramin yatsan hagu ke ɗan karkacewa waje, shi ne kullum ya fi kusa da ƙarfe. Sai ta koyi sauraron fitonsa. Muddin yana fito lafiya lau ne. Da ya yi shiru sai ta daskare da ɓawo a hannu, har sai ta ji ya tofar da yawu ya ɗora daga inda ya tsaya. A yini haka kan faru ba adadi. Abinci ya daina shiga mata.

"Matar Yaya, wa ya mutu ne?" Eudoro kan ƙwala mata daga cikin tururi. "Dubi yadda bel ɗinki ke gudu kamar amarya! Saki fuska mana, kin ci riba!"

Da gaske ta ci. Bel bai zame ba ko sau ɗaya, mazarƙwaila ta fito jawur, buhuna suna ta hawa a ɗakin ajiya. Abin da ya fi ba ta tsoro ke nan, yadda lissafin ke ta fitowa daidai.

Safiyar ranar ƙarshe ta kai masa kofi ta same shi a durƙushe gaban dutsen washi. Bai yi fito ba. Ya gwada kaifin, ya daɗe yana kallon inda gashin ya aske, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba:

"Tsohuwa, in ta faru, kada ki tsaya kallon fuskata. Nan za ki nufa, sama da gwiwar hannu. Sau ɗaya, da ƙarfi. Kada ki sa in sha biyu."

"Rufe mana baki, don Allah! Da sassafe?"

"Na dai gaya miki."

"Ya sake zuwa ne? Custodio, dube ni. Jirin ne?"

"Saura tari ɗaya a gama," in ji shi. Ya miƙe ya rataye addar.

Ta so ta ce a tsaya. Ta buɗe baki ma. Amma ga rake a yanke jibge, in ya kwana zai yi tsami, ga wuta an riga an hura, ga ma'aikata sun karya kumallo da abincinta. Ta ce a ranta zuwa la'asar an gama, daga nan ko sama da ƙasa za su haɗe sai ta kai shi asibiti.

Rana ta take, kwanon rumfar ya ɗau zafi, ƙudan zuma sun cika bakin kwatar ruwan rake. Ya dawo da fitonsa, wata tsohuwar waƙar rawa da suke ji suna saurayi da budurwa. Tarin raken ya ragu har ana ganin ƙasa. Ta sunkuya ta tattaro ɓawo, tana ce wa kanta ga shi an kusa, sai waƙar ta yanke a tsakiya.

Ta ɗago. Hular ta sunkuya gaba. Ta ga hannunsa na hagu ya lalubi abin dafawa, ya dafa raken da ke shiga, raken ya tafi da shi a hankali kamar mai jan yaro zuwa makaranta. Ba ihunsa ta fara ji ba. Wata 'yar ƙara ta ji, ƙas, wadda ba ta rake ba ce.

Ba ta san sadda addar ta zo hannunta ba. Ga damtsensa a miƙe a gabanta, daidai inda ya nuna mata, jijiyoyi sun tashi. Ga bel yana gudu a gefenta. A lokacin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ne kawai suka shiga, ta gani da idonta. Ta juya ga bel ɗin, ta ɗaga addar da hannu biyu.

Sai kuɗin ya faɗo mata a rai. Ba ta kira shi ba, zuwa ya yi da kansa, cikakke, da muryar Isaías: miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, saura rabi ba a biya ba. Hannunta ya tsaya a sama. Bai fi numfashi guda ba. A cikin numfashin nan ta ji ƙas, ta sake jin ƙas, sannan ihun Custodio ya tsaga rumfar.

Ta sara. Bel ya tsinke da ƙara kamar bindiga, bakinsa ya zabgo mata a kunci ya watsar da ita cikin ɓawo. Injin gas ya haukace da gudu shi kaɗai, ganguna suka tsaya.

Eudoro ne da ma'aikata suka zura sandar ƙarfe suka juya gangunan baya da ƙarfin tsiya, Eudoro yana kuka yana kiran "Yaya! Yaya!" kamar ƙaramin yaro. Aka ɗaure damtsen da igiyar buhu, aka sauko da shi asibiti a motar maƙwabci. Briceida na riƙe da kansa a cinya, jinin kuncinta na ɗiga a rigarsa, ba ta ma san an ji mata ciwo ba.

Yatsu huɗu suka tafi da rabin tafin. Babban yatsa ya tsira. Likitan, wani saurayi mai fara'a, ya ce mata, "Doña, ki gode wa Allah da saurin hannunki. Da kin ƙara ƙiftawar ido ɗaya, da wuyan hannun ya bi." Ta gyaɗa kai. Ita ta iya lissafi, ba sai an gaya mata abin da zai tsira ba da ta rage ƙiftawar ido ɗaya.

Ba a sake zama kan tebur ba. Da kakar rake ta zagayo, Eudoro da kansa ya ɗaura wa alfadarai kaya suka gangara wurin Don Plinio, bai ce uffan ba game da idon mutane. Briceida ta bar mutanen Don Plinio suka ɗebi kashinsu ɗaya cikin huɗu, ko buhunan ba ta tsaya ƙirgawa ba. Waken gwangwanin kuwa tuni ta dafa shi.

Custodio ya warke, an ɗora shi kan maganin hawan jini, ya ma yi ƙiba. Abin da ya samu na yi shi ne ba da labari. A layin Don Plinio, a bakin coci, a shagon shan giya, sai ya ɗaga guntun hannun ya ce, "Kun ga wannan? Da wata ce, da yanzu ina zaune gefen Leovigildo muna sayar da tikiti. Amma tsohuwata? Bel sabo fil, miliyan da wani abu, ko ƙifta ido ba ta yi ba! Ta sare shi kamar ganyen ayaba. Ku da kuke cewa ta fi son kuɗi da ni, ga amsarku."

Labarin ya zagaye tsaunuka. Rumfuna da dama suka matsar da addarsu zuwa dirkar da ke gefen bel, ana cewa dabarar Doña Briceida. Wata Lahadi Don Leovigildo da kansa ya tsallako titi, ya cire hula da hannunsa ɗaya, ya ce, "Doña, da ma ke ce a rumfarmu ranar nan." Ta rasa inda za ta sa idonta.

Maɓallin riga ne kawai ya gagari Custodio. Kullum da safe yakan zo ya tsaya a gabanta, ya ɗaga haɓa, guntun hannun a kafaɗarta, yana fito ƙasa-ƙasa.

"Me ke sa hannunki rawa haka, tsohuwa?" ya tambaye ta wata safiya. "Ai ya wuce. Ke da kika cece ni."

Ta ce sanyin safiya ne, ta ci gaba da sa masa maɓalli.